Warin Wiwi a Cikin Ɗaki: Abin da Turaren Wuta Ba Ya Iyawa

 Yau maganarmu a kan wani wari ce da ba a son ambatonsa a gaban baƙi, alhali akwai gidaje nan Gesse da sauran unguwannin Birnin Kebbi, har Argungu, waɗanda matan cikinsu suka san shi sarai. Warin tabar wiwi nake nufi. Wata daga shagon samari yake biyo iska ya iske ta tana tankaɗe, wata a rigar ɗanta take jin sa wurin wanki, wata kuwa, Allah ya kyauta, daga turakar maigida yake fitowa. Abin da akasarinmu ke yi shi ne a ɗauko kasko, a zuba garwashi, a barbaɗa turaren wuta don a rufa asiri. To ina so mu duba abin da turaren nan yake yi da wanda ba ya yi, mu kuma duba 'yan dabarun da ake haɗawa a gida don kashe warin, mu ga iyakacinsu.

Mu fara da hayakin kansa. Ke da kika san bandar kifi irin ta Argungu, kin san hayaƙi ba iska ba ce kawai da za ta wuce. Yana ɗauke da maiƙo da kunkunniya ƙanana waɗanda ido ba ya gani, su ne ke zama a jikin kifin su rina shi, su kuma sa mai banda ta wanke zaninta sau biyu ƙaurin bai fita ba. Hayakin wiwi ma haka yake. Yana da danƙo, yana kama labule, katifa, darduma, gidan sauro, gashin kai, har bango da silin. Ƙarfin warinsa kuwa, a shekarar 2021 wasu masu bincike a Amurka suka gano cewa akwai wasu sinadarai a ganyen masu kama da waɗanda ke sa tafarnuwa wari. Kaɗan daga cikinsu ya isa hanci ya kama, kamar yadda ƙwayar tafarnuwa ɗaya ke cika madafi.

Sai dai hanci yana da sabo. Idan kika jima a wuri, sai ki daina jin warin da ke cikinsa, kamar mai dafa daddawa da ba ta jin abin da maƙwabta ke ji. Saboda haka kada ki ce tunda ba kya ji ya tafi. Baƙuwar da ta yi sallama yanzu ita za ta ji.

To me turaren wuta yake yi? Ƙamshi yake ɗorawa a kan wari, har hanci ya rasa wanda zai bi. Bai cire komai daga iskar ɗakin ba, hasali ma ƙara mata wani hayaƙin ya yi. Kin ga huhun jaririnki yanzu yana shan biyu maimakon ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rufe ƙofa da taga don turaren ya kama ɗaki, musamman lokacin hunturu. Garwashin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da jiri da kasala su ne farkon alamunta, kuma tana kashe mutum yana barci. Irin iskar da janareta ke kashe iyalai da ita ke nan idan an kunna shi cikin gida. Ba na hana ki turarenki, ƙamshi ai adon mace ne da ɗakinta. Amma ki turara a buɗe, yara suna waje, ki fitar da kaskon kafin a kwanta.

Su ma masu shan suna da nasu dabarun, kuma ya kamata ki san su don ki gane idan kin gani wurin shara. Akwai mai samun gorar roba ya yanke gindinta, ko kwalin nan da ke tsakiyar tishu, ya cusa tsumma ko auduga da aka fesa wa turare, idan ya zuƙa sai ya hura a ciki. Idan kika tsinci irin wannan a ƙarƙashin katifar yaro, bakinsa da tabo ruwan ƙasa, yana ƙamshi haɗe da ƙauri, to ba wasan yara ba ne. Amfaninsa kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fito daga baki kawai yake tarewa, shi ma ba duka ba, alhali kan tabar yana nan yana ci yana zuba hayaƙi cikin ɗaki, kuma wannan bai bi ta kowane tsumma ba. Akwai kuma masu jiƙa tawul su toshe ƙasan ƙofa. Wannan tsakar gida kawai ya ɓoye wa. Hayakin yana ciki an kulle shi, ƙanensa da ke kwana a ɗakin su za su shaƙe shi har asuba.

Wasu matan kuma an gaya musu a zuba gawayi a kwando ko a ɗaure a tsohuwar safa a rataye, wai yana shanye wari. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Gawayi yana da ƙananan ramuka da wari ke maƙalewa a ciki. Amma wanda ake sawa a injinan tace iska da ruwa wani iri ne na daban, an gasa shi da tururi a wuta mai tsananin zafi har ramukansa suka ninka, ta yadda giram ɗaya yake da faɗin fuska na ɗaruruwan murabba'in mita. Namu na murhu bai kai nan ba. Zai taimaka a cikin akwati ko durowar kaya idan kika bar shi kwanaki, kina shanya shi a rana jefi-jefi. Ɗaki guda mai cike da hayaƙi kuwa ya fi ƙarfinsa. Kwanon ruwan khal ko garin soda da ake ajiyewa a kusurwa, su ma haka, suna rage ragowar wari kaɗan bayan an gama.

Dabarar da take aiki ita ce mafi arha: a buɗe taga da ƙofa biyun su fuskanci juna, iska ta shiga nan ta fita can. Idan akwai wuta, ki ɗora fankar tsaye a bakin taga ki juya fuskarta waje, ta riƙa turo iskar ɗakin tana fitarwa. Fankar sama juya hayakin kawai take yi. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2015, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, an zaunar da mutum 6 da ba sa sha tare da mutum 6 masu shan wiwi a ƙaramin ɗaki na awa ɗaya. Da aka rufe ɗakin ruf, sai aka sami sinadarin da ke bugarwa, wanda ake kira THC, a jini da fitsarin waɗanda ba su sha ba, wasu har suka ji kansu ya ɗan yi nauyi. Da aka sake gwajin iska tana shiga tana fita, abin ya ragu sosai.

Ki lura, awa ɗaya ce, kuma manya ne masu lafiya. Ke kuma da kike cikin kulle, nan ne wuninki nan ne kwananki. Mai shan ya busa ya saka takalmi ya tafi majalisa, ke da goyonki da tsohuwar gidan ku ne za ku zauna da abin da ya bari. Hayakin wiwi yana ɗauke da yawancin gubar da ke cikin na sigari. Yaro mai asma zai iya tashi da sarƙewar numfashi, jariri ya yi ta tari da mura ana ta sayen magani ba a san mafari ba. Mai juna biyu da mai shayarwa su ya fi kamata a nisanta, domin THC yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, yana kuma fita a ruwan nonon macen da take sha.

Idan kuwa an riga an ɓata ɗakin kuma kina son ki gyara, wanki ne maganinsa. Ki sauke labule da zanin gado da rigunan matashi ki jiƙa da omo, ki zuba ruwan khal kaɗan a ruwan ɗauraya. Katifa da darduma a fitar su sha rana, ranarmu ta Kebbi ai ba ta wasa. Bango mai fenti a goge da tsumma da ruwan sabulu, har fikafikan fanka, nan maiƙon ya fi taruwa. Gidan sauro mai magani kuwa da sabulun wanka za ki wanke shi a hankali, ki shanya a inuwa don kada maganinsa ya mutu. Bayan duk wannan sai turare ya zo.

Saura babbar maganar. Wannan warin labari ya kawo miki, kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna 'yan Najeriya kimanin miliyan 10.6 sun sha wiwi a cikin shekara guda. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Wanda ya fara da ƙuruciya, yana sha kullum, ya fi shiga haɗarin kamuwa da jaraba da kuma taɓin hankali. Sannan akwai doka. Tun 1966 Najeriya take da dokar musamman a kan wiwi, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA, kuma dokarta ta shafi har wanda ya bari ana ajiyewa ko ɓoyewa a gidansa. Don haka idan ɗa ya ba ki ƙunshi ya ce ki adana masa a ƙarƙashin gado tunda ba a shiga ɗakin matan aure, kada ki karɓa.

Na san akwai nauyi. Idan ɗan fari ne, ko sunansa ba kya faɗa, balle ki tsare shi da irin wannan magana. Idan ɗan abokiyar zama ne, za a ce kishi ne. Idan maigida ne, kina tsoron abin da zai biyo baya. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunsa ko baffansa ko yayan maigida ko limamin unguwa, a yi maganar cikin sirri, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba da gori ba. Abu na farko da za a nema wurinsa ƙarami ne: kada ya ƙara kunnawa a inda yara da mata ke kwana. Na biyu shi ne asibiti. Idan ya daina, zai yi kamar mako ɗaya ko biyu yana fushi, ba barci, ba cin abinci, ki yi haƙuri da shi, wannan yana wucewa. Amma idan ya fara magana shi kaɗai, ko yana zargin ana bin sa, ko ya ɗaga wa wani hannu, kada a tsaya ɗaure shi a turu a gida. A kai shi Asibitin Sir Yahaya a ga likita, idan abin ya fi ƙarfin nan akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Ita ma NDLEA ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara, kuma wani namiji daga dangi zai iya zuwa ofishinsu na Birnin Kebbi ya tambayo yadda ake yi.