Mene Ne Gugar Zana?

Sau da yawa za ka ji an yi wata magana a tsakar gida, manya suka kwashe da dariya, kai kuwa yaro ka tsaya kana zare ido don ba ka ga abin dariya ba. In ka tambaya sai a ce da kai, "Ai gugar zana aka yi wa wane." To, mece ce ita?

Fara da duban kalmomin. Zana dai ka san ta, ita ce wadda ake saƙawa da gamba a kewaye gida. Wanda ya bi ta gefenta yana goga kafaɗa, na cikin gida zai ji motsinsa sarai, amma ba shi da ikon cewa an shigo masa, tunda ba a yi sallama ba, ba a kuma taka ƙofa ba. Haka maganar take. Mai yin ta ba ya kama suna, ba ya ma duban wanda yake nufi. Sai ya yi da kaza, ko tukunya, ko wani can daban, saƙo kuwa ya isa inda aka aike shi.

Alal misali, jika ya kwanta har hantsi ya dubi ludayi. Kakarsa tana shara, sai ta ce, "Zakaran nan namu wahalar banza yake yi, kullum sai ya yi cara, ba mai biyansa." Ka ga da zakara ta yi, amma kowa ya san wanda bai tashi ba. Ko kuwa wani aboki da ba ya zuwa sai an sauke tukunya, mai gida ya ce, "Tuwon gidan nan akwai farin jini, bai taɓa rasa mai zuwa gaishe shi ba." In baƙon gwani ne ba zai ɓata rai ba, sai ya wanke hannu ya ce, "Ai mai farin jini ba a barinsa shi kaɗai." Daɗin abin ke nan, a rama da irinta, fuska a sake.

Kada ka haɗa ta da gatse, ko da yake 'yan'uwa ne. Shi gatse kai tsaye ake yi maka, sai dai a faɗi kishiyar abin da ake nufi. Da kakar nan ta dubi jikan ta ce, "Sannu da aiki," to gatse ta yi. A nan ina roƙon iyaye mata su lura: ƙaramin yaro bai san gatse ba. In ya zubar da mai kika ce masa, "Madalla, ƙara zubarwa," yana iya ƙarawa, a ganinsa umarni ya bi, sannan ya sha duka bai san laifinsa ba.

Larabawa ma suna da wannan, har malaman balaga sun ba shi suna, wato ta'aridi. Asalin kalmar daga "gefe" take, ma'ana magana ta karkata gefe guda alhali wani wuri ta nufa. Dubi yadda hankalin Balarabe da na Bahaushe suka haɗu a kan abu ɗaya! Malam Sakkaki, wanda ya rasu a shekara ta 626 bayan Hijira, wato 1229, ya lissafa ta'aridi cikin rassan kinaya a littafinsa Miftahul Ulum. Misalin da aka saba bayarwa shi ne na mabuƙaci da ya je wurin mai hali ya nuna gaisuwa ce kurum ta kawo shi. Wannan kam ko a garinku kun san irinsa. Gatse kuwa shi suke kira tahakkumi.

Sai dai fa wuƙa ce mai baki biyu. Tsakanin abokan wasa, kamar jika da kaka, ko taubasai, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, raha ce, ba mai riƙe ta a zuci. Amma in ta fito daga bakin mai jin haushi, kamar yadda kishiyoyi kan yi a bakin murhu, ta tashi daga wasa ta koma habaici mai cizo, kuma ta fi zagi ciwo, domin wanda aka yi wa ba shi da bakin kai ƙara. In ya yi magana a ce, "Wa ya kama sunanka?" Ni a ganina ma'aunin ɗaya ne: dubi fuskar wanda aka goga wa. In yana cikin masu dariya, wasa ne. In shi kaɗai ya sunkuyar da kai, musamman in an taɓo halittarsa ko talaucin gidansu, to ba wasa aka yi ba.

Kai kuma ɗalibi, kakarka ce kaɗai a cikin manya za ka iya mayar wa. In baba ya yi maganar zakara, tashi kawai ka naɗe tabarma.