Ɗan Furen da Ya Shiga Gaban Mahaƙar Litiyam a Amurka

A kan tsaunukan Silver Peak da ke jihar Nebada a Amurka, inda ruwan sama ke wuya, akwai wani ɗan tsiro da tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ganyensa mai launin toka yana lafewa curi-curi a kan tsakuwa, sai a watannin Mayu da Yuni ya fitar da dunƙulallun furanni masu ruwan ɗorawa. Masana na kiransa Eriogonum tiehmii, don karrama Arnold Tiehm, wanda ya gano shi a 1983.

Duk faɗin duniya, a fili kimanin eka 10 kacal yake tsirowa. Abin da ya jawo masa rigima kuwa shi ne ƙasar da ya zaɓa, wadda ke cike da boron da litiyam, ma'adinin nan na batirin motocin lantarki da ake haƙowa a Nasarawa ma. Kamfanin Ioneer na Ostareliya yana son haƙa rami a daidai wurin.

A 2020 aka wayi gari an tone dubban tsirran. Masu fafutukar kare muhalli suka zargi mutane, binciken hukuma kuma ya ɗora laifin a kan kurege. Ko ma wane ne, ɓarnar ta nuna yadda tsiron ke dab da shuɗewa. A watan Disamban 2022 hukumar kula da kifaye da namun daji ta tarayyar Amurka ta saka shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta kuma keɓe masa eka 910, har da filin ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi masa barbara.

Sai dai a watan Oktoban 2024 wata hukumar tarayyar, mai kula da filayen gwamnati, ta amince da mahaƙar, alhali dukkansu biyun a ƙarƙashin ma'aikata ɗaya suke. Kamfanin ya sauya taswirar aikinsa don kauce wa tsirran, ya kuma gina ɗakin renon irinsu, amma aikin zai ci wani ɓangare na filin da aka keɓe. Ƙungiyoyin muhalli da wata ƙungiyar ƴan asalin yankin suka garzaya kotu.

Hujjarsu tana da nauyi, domin gwajin da aka yi a Jami'ar Nebada da ke Reno ya nuna tsiron ba ya yin kyau idan aka raba shi da ƙasarsa ta asali.