Sankarar fankiriyas: shawarar da ba ta jin saiƙo

'Yan kasuwa, kun san mai sayen tattasan Komadugu ba ya biyan kuɗin buhu sai ya ɗebi kaɗan ya duba. To, irin wannan dabara ce masu bincike suka ɗauko don yaƙar sankarar fankiriyas.

Fankiriyas wata tsoka ce da ke kwance bayan tumbi. Ita ke fitar da ruwan narka abinci da sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini. Sankararta na girma shiru. Ko a Amurka, cikin mutum 100 da suka kamu, kusan 13 ne ke kai shekara 5.

A 2015, masu bincike ƙarƙashin Hans Clevers na ƙasar Holan da David Tuveson na Amurka suka gutsuro naman ƙarin daga jikin majiyyata, suka rene shi a ɗakin gwaji, ya tsiro ƙanana kamar ƙwayar gero. A kan waɗannan ake gwada magunguna, a ga wanda ya ci, ba tare da an wahalar da mai ciwo ba.

Akwai kuma maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta kashe sankara da kanta, wanda ya jawo wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Yana aiki kan sankarar fata da ta huhu, amma ta fankiriyas takan kewaye kanta da nama mai tauri, sojojin jiki su kasa shiga. Shi ya sa yanzu ake haɗa ƙarin da aka rena da ƙwayoyin garkuwa, a nemi ƙofa.

Mu a Bosso fa? Sai a 2021 aka fara gashin sankara a cibiyar Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga Diffa. Makaminmu shi ne sammako. In idon babba ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ciwon ciki na sokawa har baya, ga rama ba dalili, ko ciwon sukari ya bayyana kwatsam bayan shekara 50, kada a tsaya shan saiƙo. Sau da yawa hanta ce, amma likita ne zai tantance. Masu shan taba kuwa, haɗarinsu ya kusa ninka na sauran.

Uwargida, rufe rumfa kwana ɗaya ya fi rufe ta har abada. Allah ya ba mu lafiya.