Daga Teburin Injiniya Zuwa Kunnen Mai Saye

A shekarar 2016 wani ƙaramin kamfani mai suna Ossic, a birnin San Diego na Amurka, ya nuna wa duniya wata na'urar sauraro ta kunne. Ya ce idan ka sa ta za ka ji sauti yana zuwa ta gabanka da bayanka da samanka, kamar kana tsakiyar wurin da abin ke faruwa. Jama'a suka yi ca a shafin Kickstarter, suka zuba dala miliyan 2.7 tun kayan ba su fito ba. A watan Mayun 2018 kamfanin ya rufe. Guda 250 kacal ya iya ƙerawa, ga odar kusan 22,000 a ƙasa.

Samfurin kuwa yana nan, yana aiki, 'yan jarida ma sun sa shi a kunne. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Injiniya yana iya zama ya haɗa guda ɗaya da hannunsa, ya zaɓi kowane sashe a tsanake, ya yi ta gyara har sauti ya zauna. Masana'anta ba ta da wannan sukunin. Dole na farko da na dubu goma su fito bai ɗaya, daga hannun ma'aikatan da ba su san wanda ya zana abin ba.

Kayan sauti sun fi sauran kayan lantarki wuyar sha'ani ta nan, domin kunne ba ya yafiya. Idan lasifikar dama ta ɗan fi ta hagu ƙarfi, mai sauraro zai ji waƙar ta karkace. Gam ya yi yawa ko ya yi kaɗan a bakin lasifika, ko iska ta sami ƙofar da ba a yi mata ba, sai ƙarar ganga ta zama holoƙo. Layin wuta ya matsi layin sauti a kan allon, sai ka ji wani zuzuu a ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifikar masallaci mai tsohuwar waya ya san shi. Shi kansa gidan robar da ake sa kayan a ciki yana da hannu a sautin. Ana zuba narkakkiyar roba ne a mazubin ƙarfe mai tsada, wanda sassaƙa shi ke cin makonni. Idan aka gano kuskure bayan an sassaƙa, kuɗi da lokaci sun tafi tare.

Sai takardun izini. Na'ura mai Bluetooth ba ta shiga kasuwar Amurka sai da amincewar hukumar FCC, Turai kuma tana da tambarinta na CE, batirin litiyam ma da nasa gwajin kafin a ɗora shi a jirgi. Jinkirin fitar da kaya kuwa ba ya barin kowa: hatta Apple, da duk ƙarfinsa, ya yi alkawarin fitar da AirPods a watan Oktoban 2016, sai a Disamba suka fito.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan sana'a shi ne dogaro da abin da ba ya hannunka. A cikin kusan kowace na'urar sauti ta zamani akwai ɗan guntun da masu gyaran waya ke kira aisi, mai mayar da lambobin kwamfuta su zama sautin da lasifika za ta fitar. Kamfanonin da suka ƙware a mai inganci ba su da yawa. A watan Oktoban 2020 gobara ta tashi a masana'antar ɗaya daga cikinsu, AKM, a garin Nobeoka na Japan, ta kwana uku tana ci. Farashin abin da ya rage a kasuwa ya yi tashin gwauron zabo. Sauya aisi kuma ba kamar sauya taya ba ne, domin ƙafafuwansa da wutar da yake ci da umarnin da yake ji duk sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Sai an sake zana allon, an sake rubuta manhaja, an sake gwaji tun daga farko. Haka kamfanin RME na Jamus ya yi, ya mayar da na'urarsa ADI-2 DAC kan aisin kamfanin ESS. Sai a 2022 AKM ya dawo kasuwa da sababbin manyan aisinsa.