Sadaka da Tadbiri

Duk wanda ya bi Titin Zariya na birnin Kano da hantsi, ya taso daga Dangi ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi har ya kai ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, lalle zai ga mabukata iri biyu: akwai mai miƙo hannu a bakin danja, ya karɓi ɗari biyu ya yi addu'a, akwai kuma wanda ke zaune a harabar asibitin da takardar likita cikin aljihu, kunya ta hana shi roƙo, alhali kuwa lalurarsa ta fi ta wancan nauyi nesa ba kusa ba. Mutanen Unguwar Gano da Tarauni ba a san su da rowa ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tadbiri, domin yawancin alherinmu wanda ya fara tare mu a hanya shi ke samu, mai kamun kai kuwa sai ya kwana da ciwonsa.

Shari'a ba ta bar bayarwa kara zube ba. Ta sanya wa zakka nisabi, dinare 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, ta sharɗanta cikar shekara, ta ƙayyade ɗaya cikin arba'in, sa'an nan aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci sinfi takwas waɗanda ba a ƙetare su. Fuƙaha'un Malikiyya kuma suka bayyana cewa ba a ba da ita ga wanda ciyar da shi wajibi ne a kanka, kamar iyaye da mata, kuma matalautan garin da dukiya take su ne mafi cancanta. To, in farilla ta zo da irin wannan lissafi, ina dalilin da zai sa a bar sadakar taɗawwu'i ga abin da hannu ya lalubo a aljihu?

Ciwon ƙoda ya isa misali. Mai bukatar wankin ƙoda yana komawa kan na'ura sau biyu ko uku a kowane mako, wata bayan wata, har gida ya sayar da fili, mata su sayar da sarƙa. Kyautar rana ɗaya, kome yawanta, tana ƙarewa tun lalurar ba ta yi nisa ba. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, ya fahimci haka sa'ad da ya gina wa wannan asibiti cibiyar wankin ƙoda mai ɗauke da sunan mahaifinsa Alhassan, gama lalura mai maimaituwa sai alheri mai maimaituwa. Asalin wannan hikima tsoho ne, tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibara wadda ya yi hubusi da ita, da rijiyar Ruma wadda Sayyidina Usmanu ya saya wa jama'ar Madina.

Kada malamin makaranta ko mai shago a kasuwar Tarauni ya ce wannan sha'anin attajirai ne. Yana iya zama da iyalinsa a farkon Muharram, ko gabanin azumi, su yanke wani kaso na abin da ke shigowa kowane wata, ko da kaɗan ne, su fara da dangi da maƙwabta, sa'an nan su zaɓi ƙofa ɗaya wadda zuciyarsu ta fi karkata gare ta, maraya ne za su ɗauki karatunsa har ya sauke, ko majinyaci ne za su tsaya wa maganinsa, su rubuta a littafi, su kuma rage wani abu saboda haihuwa ko gobarar da ba ta sallama. Bincike kafin bayarwa ba zargi ba ne. Liman da mai unguwa sun san gidajen da ba a ɗora tukunya.

Wanda Allah ya hore wa shago ko ɗakin haya, ya sani mazhabar Malik ta halatta hubusi na wa'adi, watau ya tsayar da kuɗin hayar ga marayu shekara biyar, misali, daga bisani dukiyar ta komo hannunsa. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma ko ba a bi ta kanta ba, ya kamata a rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu adilai, a naɗa mai kula, domin wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma abin da ba a rubuta ba magada ne za su raba shi.