Thomas Kuhn da sikelin auna malanta

A jami'o'in duniya, har da na Najeriya, ƙarin girman malami ya rataya ne a kan yawan abin da ya wallafa da yawan waɗanda suka kafa hujja da shi. Tarihin Thomas Kuhn, masanin tarihin kimiyya ɗan Amurka, ya nuna inda wannan sikeli ke gaskiya da inda yake tauye mudu.

An haifi Kuhn a 1922, ya yi digirin digirgir a fannin fiziks a Harvard a 1949, sannan ya karkata ga tarihin kimiyya. Har ya rasu a 1996, littattafansa ba su cika yatsun hannu biyu ba. A 1957 ya fitar da littafi kan Copernicus, wanda ya ce duniya ce ke zagaya rana. A 1962 kuma ya fitar da The Structure of Scientific Revolutions. A ciki ya ce kimiyya ba tara bulo kan bulo ba ce kullum: masana kan daɗe suna aiki ƙarƙashin tsarin tunani guda, har matsalolin da tsarin ya kasa warwarewa su yi yawa, sai a yi juyin juya hali a kama wani.

Littafin ya fito daidai lokacin da ake ƙera sikelin. A 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da kundin Science Citation Index, mai ƙirga wa ya ambaci wa. Da Garfield ya duba fannonin adabi, tarihi da falsafa na shekarun 1976 zuwa 1983, littafin Kuhn ne ya zo kan gaba cikin littattafan ƙarni na 20. Yau Google Scholar na nuna an ambace shi fiye da sau 100,000, an kuma sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya.

Sai dai ambato ba amincewa ba ne. Cikin masu ambatonsa akwai Karl Popper da Imre Lakatos, waɗanda suka soki ra'ayinsa. Na'ura kuwa kai ɗaya take ƙirga mai yabo da mai suka. Akwai kuma tarin marubuta a fannin kasuwanci da koyarwa da suka ari sunansa don kawai su ce zamani ya juya. Littafinsa na 1978 kuwa, wanda ya bi diddigin aikin Max Planck da farkon ilimin kwantum dalla-dalla, ko kusa bai samu irin wannan ambato ba, alhali a nan ne gwanintarsa ta tono tarihi ta fi bayyana.

Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 shi ma da nasa giɓin. Malami mai h 20 yana da ayyuka 20 da aka ambaci kowannensu aƙalla sau 20. Ke nan littafin da ya girgiza fannoni da dama maki ɗaya tak zai ƙara, daidai da ƙaramar takarda.

Irin wannan ne ya sa a 2012 masana suka tsara sanarwar San Francisco, suna kira da a auna bincike da abin da ya ƙunsa. Alkaluma na nuna nisan da aiki ya kai. Ingancinsa kuwa, dole kwamitin ƙarin girma ya zauna ya karanta kafin ya yanke hukunci.