La Garde-Freinet: ƙauyen da labarin mutanen Andalus ya liƙe wa dutsensa

A kudu maso gabashin Faransa, cikin jahar Var, akwai jerin duwatsu masu duhun kurmi da ake kira Maures, waɗanda suka miƙe daga garin Hyères zuwa Fréjus suna kallon Bahar Rum. A tsakiyarsu, daidai mashigar da ta haɗa filin da ke arewa da gaɓar teku, nan ƙauyen La Garde-Freinet yake. Mazaunansa ba su cika 2,000 ba. Daga can zuwa Saint-Tropez, inda attajiran duniya ke zuwa shan iska, kimanin kilomita 20 ne, amma hanyar tana ta lanƙwasa cikin daji har matafiyi ya ɗauka ya yi nisa da teku. Gidajen na dutse ne, rufinsu jan yumɓu, lungunan kuwa matsattsu, wasunsu ma cikin dutsen aka sassaƙa su.

Abin da ya sa muka kawo wa masu karatu wannan ƙauye shi ne, da wuya a ambaci sunansa ba a ambaci Musulmi ba. Duk baƙon da ya je sai an nuna masa wani kufai a ƙololuwar dutsen da ke bisa ƙauyen, mai suna Fort-Freinet, kuma an daɗe ana cewa nan ne sansanin "Sarrasins", wato sunan da Turawan da suka bai wa Musulmi. A cikin wannan magana akwai gaskiya, akwai kuma ƙari, ya kamata mu rarrabe su.

Gaskiyar ita ce, wajen shekara ta 890 wasu mutane daga Andalus suka sauka a wannan gaɓa. Liutprand, limamin Kirista na garin Cremona a Italiya, wanda ya yi rubutu a tsakiyar ƙarni na 10, ya ce su 20 ne cikin ƙaramin jirgi, iska ta koro su. Suka kama wuri, suka fake da dutse da sarƙaƙiyar ƙaya, sannan suka aika gida aka ƙaro musu mutane. Ya kuma faɗi abin da ya ba su gindin zama: sarakunan yankin suna gaba da juna, kowa na neman baƙin su taya shi murƙushe maƙwabcinsa. Littattafan Latin sun kira wurin Fraxinetum, daga sunan wani itace da ke yawa a can, kuma daga nan kalmar Freinet ta fito. Marubutan Larabci ma sun san shi. Al-Istakhri da Ibn Hauƙal sun kira shi Jabalul Ƙilal, suka ce ƙasa ce mai ruwa da noma wadda Musulmi suka raya. Wannan Ibn Hauƙal ɗin shi ne wanda ya ba da labarin Audagust da Gana ta da, saboda haka littafin da ya adana labarin yankinmu shi ya adana nasu. Ibn Hayyan, masanin tarihin Kurɗuba, ya ambaci sunan shugabansu, Nasr ɗan Ahmad, a wajen shekara ta 940, zamanin Halifa Abdurrahman na Uku.

Sun yi fiye da shekara 80 a wurin. Ba za mu yi musu kwalliyar da ba tasu ba: noma da fatauci suna cikin rayuwarsu, amma hari da kamun bayi ma suna ciki, kamar yadda yake ga yawancin masu riƙe da takobi a wancan zamani, Musulmi da Kirista. Sun hau duwatsun Alp, sun tsare mashigun da matafiya ke bi zuwa Roma, harinsu ya kai cikin ƙasar Suwis ta yau. A farkon shekarun 940 Sarki Hugues na Italiya ya far musu ta tudu, jiragen Rumawa suka ƙone nasu ta ruwa, amma da ya ga nasara ta kusa sai ya sasanta da su, don su tsare masa mashigun Alp kada abokin gabarsa Bérenger ya ƙetaro. A 953 Sarki Otto na Jamus ya tura jakada har Kurɗuba a kan maganarsu.

Ƙarshensu ya zo ne ta kan mutum ɗaya. A watan Yuli na 972 suka kama Mayeul, shugaban gidan ruhubanawa na Cluny, yana dawowa daga Italiya, ba su sake shi ba sai da aka biya fansa mai nauyi ta azurfa. Wani rahibi mai suna Raoul Glaber, wanda ba masoyinsu ba ne, ya rubuta abubuwa biyu game da zaman da Mayeul ya yi a hannunsu. Ya ce da fursunan ya ƙi cin abincinsu, ɗaya daga cikinsu ya wanke hannu, ya kwaɓa gari a kan garkuwarsa, ya gasa masa gurasa, ya miƙa masa da girmamawa. Ya kuma ce da wani ya taka littafin da Mayeul ke ɗauke da shi, ƴan'uwansa suka tsawata masa, domin ba a wulaƙanta maganar annabawa. Ko ta bakin abokin gaba, ana iya gane tarbiyyar da wasunsu suka taso da ita. Sai dai kamun babban mutum irin wannan ya haɗa kan sarakunan da da ba sa ga maciji. Guillaume, sarkin Provence, da ɗan'uwansa Roubaud suka tara runduna, suka ci su da yaƙi, kafin ƙarshen 973 sansanin ya watse. Wasu aka kashe, wasu aka bautar, wasu suka narke cikin jama'ar ƙasa.

To, ina ƙarin yake? Yana kan dutsen nan da ake nuna wa baƙi. Masu tonon kayan tarihi sun yi aiki a Fort-Freinet a shekarun 1980. Sun sami gidaje wajen 30 da aka sassaƙa cikin dutse, da matattarar ruwan sama, da gwalalo mai zurfi da aka fafe da hannu ya kewaye wurin, aikin da har yau yake ba mai kallo mamaki. Amma tukwane da sauran kayan da suka fito na ƙarshen ƙarni na 12 ne zuwa gaba, wato shekara 200 bayan tafiyar mutanen Andalus. Ƙauyen manoman Provence ne da suka hau tudu don tsaro, daga baya suka riƙa saukowa mashigar da ke ƙasa, inda ƙauyen yake yanzu. A 1589, lokacin yaƙin Katolika da Furotesta, aka rushe abin da ya saura don kada abokan gaba su fake a ciki. Masana yanzu sun fi karkata ga cewa sunan Fraxinetum na yankin ne baki ɗaya, daga duwatsun har gaɓar Saint-Tropez. Ko sunan Maures, da kunne ke ji kamar sunan mutanen Magrib, da yawa suna mayar da shi ga wata kalmar harshen Provence mai nufin duhu, saboda launin kurmin.

Shaidar da ake iya taɓawa da hannu tana ƙarƙashin ruwa. Masu ninƙaya sun gano jiragen ƙarni na 10 da suka nutse a wannan gaɓa, ɗaya kusa da Agay, wani kusa da Cannes, ɗauke da tuluna da fitilu da duwatsun niƙa irin na ƙasashen Musulmi. Kayan ƴan kasuwa ne da na masu gida. A ganinmu waɗannan tuluna sun fi kufan dutsen cancantar a kai yara su gani.

Mutanen yankin sukan ce baƙin ne suka koya wa kakanninsu sarrafa ɓawon itace da dafa ƙaron itace ya zama kwalta. Zance ne na kaka da kakanni, ko da yake kalmar Faransanci goudron daga Larabci ƙaɗran ta fito. Abin da ya tabbata shi ne, ɓawon itace ne ya ciyar da ƙauyen. Itacen da suke kira chêne-liège yana da ɓawo mai kauri, marar nauyi, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Da zafi ake ɓare shi da gatari, a hankali, kada a ji wa jikin itacen rauni, sannan a bar shi shekara 10 zuwa 12 ya sake yin wani. Wanda ya shuka shi, jikansa ne zai ci moriyarsa. A ƙarni na 19 ɗaruruwan maza da mata na ƙauyen suna yanka shi suna yin abin toshe bakin kwalba, yawanci na giyar inabi, har jama'ar garin ta haura 2,500. Ma'aikatan suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa don su kuɓuta daga hannun masu masana'antu. Da Louis-Napoléon ya yi juyin mulki ranar 2 ga Disamba 1851, suna cikin na farko da suka ɗauki makami don kare jamhuriya. Soja suka tarwatsa ƴan tawayen Var a garin Aups ranar 10 ga watan, aka ɗaure da yawa, aka yi wa wasu korar ƙasa zuwa Aljeriya. Wannan babi bai kai na "Sarrasins" farin jini wurin baƙi ba, alhali shi ne tarihin kakannin mazauna ƙauyen na yau.

Daga baya sana'ar ta mutu, ɓawon Fotugal da Sipaniya ya fi araha, roba kuma ta shigo. Abin da ya rage shi ne châtaigne, wasu ƴaƴan itace masu ƙwanso mai ƙaya da ake gasawa, ɗanɗanonsu kusa da na dankali, ana kuma yi musu biki kowane Oktoba. Akwai ɗan gidan adana kayan tarihi a tsohuwar majami'ar Saint-Jean, inda ake nuna kayan aikin masu ɓawo. Gidaje da yawa sun koma hannun baƙi masu zuwa hutu, farashi ya fi ƙarfin samarin garin.

Dajin da aka daina ɓara da sharewa kuwa ya cika da busasshen ƙirare, kuma iskar mistral ba ta da tausayi in wuta ta tashi. Gobara ta cinye wani babban sashe na Maures a 2003. A watan Agusta na 2021 wata ta tashi a gefen babbar hanya kusa da Gonfaron, ta ƙone wajen hekta 7,000, ta kashe mutum biyu, ta kuma hallaka kunkuru masu yawa na wani jinsi da ya kusa ƙarewa a Faransa. Itatuwan pin suka ƙone ƙurmus. Itacen ɓawo kuwa, wanda ba a daɗe da ɓare shi ba ya mutu, amma mai cikakken ɓawo ya yi baƙi ƙirin daga waje kawai, bayan ƴan watanni ya sake toho daga rassansa.